Rasuwar Ɗan Bahar, Littafin Baraka ta Mansur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa guntun haushi kwance a ƙasanta ba, Baraka matar Abdulwasi'u direba, ta unguwar Mansur a nan Makka, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da waɗanda suka yi dariya rasuwar littafinta, abokin zamanta tun tana yarinya, wanda aka fi sani da Ɗan Bahar, wato ɗan teku. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a wani masaukin masu umara da ke Jarwal, a gaban shaidu masu yawa, kuma babu wadda ta miƙa hannu a cikinsu sai don ta ƙara yaga shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a san shekarun marigayin ba, ba a kuma san sunansa na yanka ba, domin bangonsa na gaba ya riga shi barin duniya da daɗewa. An dai san an haife shi da wani yare na Turawa, wani bawan Allah ya juya shi zuwa Larabci, aka buga shi a Beirut a kan takarda mai arha wadda tsufa ya mayar ruwan shayi. Littafin yara ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Duk wanda ya iya karatu, da ya buɗe shafin farko zai gane. Masifar da ta same shi ita ce ya ƙare kwanakinsa a hannun waɗanda ba su iya ba, sannan ya faɗa hannun wanda ya iya fiye da kima.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba sai a ranar da suka kashe shi, ga abin da ke cikinsa. Wasu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, aka tura su hutun makaranta gidan kakarsu a bakin teku. Kullum ruwa ya ja da baya sai wata matakala ta bayyana a cikin yashi, mai sauka zuwa wani gari inda ake adana duk abin da mutane suka taɓa yarwa a teku, tun daga cokali har jirgin ruwa. Mai gadin ƙofar wata tsohuwar ƙaguwa ce mai ido ɗaya, ba ta barin kowa ya wuce sai ya ba ta abin da ya fi so. Ƙaramar ta ba da takalmanta ja. Babbar, saboda rawar kai, ta ba da sanin hanyar gida. Sauran littafin duk faɗi-tashin da suka yi ne su fito kafin ruwa ya dawo ya rufe matakalar. Shi ke nan laifinsa, daga farko har ƙarshe.

Marigayin ya shigo rayuwar Baraka ta ƙofar baya, yadda komai ke shigo mata. Mahaifiyarta, Saudat, aikatau take yi a gidan wasu Larabawa a Aziziyya, Baraka kuma tana binta tana wanke kofuna. 'Yar gidan, Maha, sa'arta ce, kuma a gefen tabarmar da ake koya wa Maha karatu Baraka ta tsinci nata, ba tare da malamin ya taɓa sanin yana da ɗaliba ta biyu ba. Duk lokacin zafi sai gidan ya kwashe ya tafi bakin teku a Jidda, a bar Saudat da 'yarta da maguna da tukwanen fulawa. Idan sun dawo, aikin Baraka ne ta kakkaɓe yashin takalman Maha. Ta taɓa lasar yatsanta bayan ta gama, ta ji gishiri, ta tsaya a tsakar gida har uwarta ta dungure mata kai. A irin wannan dawowa ne Maha ta zaro littafin daga jaka ta cilla mata.

“Ɗauki, ya Baraka. Halas, na gama da shi. Na yara ne.”

Ya zo mata da tsofaffin raunuka. Kakar Maha, mace mai tsoron Allah da kaifin almakashi, ta riga ta bi shi ta yanke duk wani hoto mai rai, ta bar guda ɗaya a tsakiya wanda babu komai a cikinsa sai ruwa da sama. Akwai kuma wasu shafuka biyu can kusa da ƙarshe da ruwan dabino ya manne su. Baraka ba ta taɓa raba su ba don tsoron kada su yage. Takan tsallake su ta cike gurbin da abin da ranta ya ba ta.

Dole a nan a faɗi abin da kowa a Mansur ya sani amma ba a faɗa da ƙarfi. A Makka aka haifi Baraka, a Makka aka yanke cibiyarta, amma ba ta da iƙama, takardar da ke cewa mutum yana da izinin zama inda yake zaune. Daga ƙofar gidanta zuwa teku tafiyar da ba ta isa a yi barci a mota ba ce. Fita ba wuya, dawowar ce abin tsoro, domin a kan hanyar dawowa ake tsayar da mota a tambayi takarda. Ta san matan da suka tafi biki Jidda da jaka ɗaya, daga baya aka ji muryarsu a waya daga wani gari a Najeriya da ba su taɓa gani ba, suna tambayar wa ke kula da 'ya'yansu. Don haka ba ta taɓa zuwa ba. Ta haura arba'in ba ta ga teku da idonta ba. Ta gan shi a waya kamar kowa, amma wancan tekun wasu ne, kullum da fuskar mai wayar a gabansa. Nata tekun yana cikin Ɗan Bahar, kuma idan ta buɗe shi ita ce babbar yarinyar, da kitsonta da kaushin ƙafarta.

Halayen marigayin na kirki ba za su ƙirgu ba. Bai taɓa tambayarta takarda ba. Bai taɓa ce mata, “To, amma asalinku ina ne?” ba. Ya yi haƙuri da talauci, ya yi ƙaura da ita lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarsu, yana cikin tukunya an toshe shi da zani. Ya jure haƙoran Nadiya, 'yarta, lokacin da take fitar da su, ya kuma jure wata uku a ƙarƙashin ƙafar fanka, inda Abdulwasi'u ya sa shi don ya hana ta rawa, har Baraka ta gano ta ƙi yi masa magana kwana biyu. Ba mai hayaniya ba ne. Idan an buɗe shi bayansa kan yi 'yar ƙara ƙas, shafukansa kuma su yi shuu a hankali, Baraka kuwa ta daɗe da yanke wa kanta cewa haka igiyar ruwa take yi. Bayan abin da ya faru da fanka ne ta naɗe shi a wani koren ƙyalle ta ɗora a saman sif, inda hannun miji da na 'ya ba sa kaiwa. Wannan koren ƙyalle shi ne farkon ciwon ajali.

Ciwon ya kama shi ne da zuwan Goggo Hure, ƙanwar mahaifin Abdulwasi'u, wadda ta zo umara daga Gumel tare da ayarin mata. Goggo Hure ba ta taɓa son Baraka ba, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. A waya takan kira ta “waccan marar garin”, takan kuma tambayi ɗan ɗan'uwanta ko har yanzu burodi ake ba shi a matsayin abinci. Ranar da ta zo gidan a Mansur ba ta zauna ba sai da ta zaga ɗakin tana shafa yatsa a kan kaya tana duba ƙura. Da ta kai saman sif, da taimakon kujera, sai hannunta ya taɓa koren ƙyalle. Ta sauko da shi, ta warware, ta ga rubutun Larabci a tsohuwar takarda. Nan take ta goge hannunta a mayafi, ta sumbace shi, ta ɗora a goshi.

“Ashe kina da ilimi, 'yar nan? Shi ne ba a taɓa faɗa mini ba?”

Tun da aka ɗaura auren Baraka ba ta taɓa jin kalma mai laushi daga wannan baki ba. Ta buɗe nata bakin za ta ce littafin tatsuniya ne, sai ta mayar ta rufe.

“Karanta mini ko layi biyu ne, in sami albarka,” in ji Goggo Hure, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa.

Baraka ta buɗe inda hannunta ya faɗa. Wurin da ƙaguwa ke ciniki da ƙaramar yarinya ne. Ta karanta da Larabcin littafi mai nauyi, wanda ba ya kama da na kasuwa, kuma duk inda ta ja numfashi sai Goggo Hure ta ce amin. Kafin a gama shafin tsohuwar tana share hawaye. Da suka zo kan hoton nan na ruwa da sama sai ta dafa ƙirji.

“Ruwan Ɗufana ke nan ko?”

“Ruwa ne dai, Goggo,” in ji Baraka. A ranta ta ce ai ba ta yi ƙarya ba.

Daga nan ciwo ya yi tsanani. Goggo Hure ta tafi da marigayin masaukinsu a Jarwal, ta ce littafi irin wannan bai kamata ya zauna a saman sif kusa da tsohuwar rediyo ba. Ta sa shi a jakar wuyanta ta yi ɗawafi da shi. Ta ba matan ayarinsu labari, ta ƙara gishiri, ta ce matar ɗanta malama ce mai ɓoye kanta. Kullum bayan la'asar sai Baraka ta hau mota ta je, ta tarar mata sun cika ɗaki, wasu a kan gado wasu a ƙasa, an ajiye mata matashi a tsakiya. Suna kiranta Malama. Suna tura mata dabino da kilishin da suka ɓoyo daga gida. Wata mai ciwon gwiwa takan karɓi littafin ta ɗora a kan gwiwar kafin a fara, ta kuma rantse ta fara hawa matakala ba tare da ta dafa bango ba. Wata ta cusa hoton ɗanta mai neman aiki a tsakanin shafuka ya kwana.

Wanda zai ce Baraka ta yi wauta bai yi mata ƙazafi ba. Ta yi, kuma ta sani. Kullum a cikin mota takan ce yau za ta faɗa, kullum kuma ta zauna a kan matashin nan ta ga fuskoki sun juyo gare ta sai ta ce bari a gama wannan babin. Mijinta bai taɓa sauraron layi ɗaya ba. Nadiya takan ce, “Ummi, wannan tsohon yayi ne,” ta koma kan wayarta. Shekara da shekaru ita kaɗai take sauka wannan matakala, yanzu ga mata cike da ɗaki suna biye da ita, ko da ba su san inda ake zuwa ba. Idan muryarta ta yi rawa a wurin da ruwa ya fara dawowa, su ma sai su yi kuka. Daɗi ta ji, daɗin da ba ta taɓa ji ba, kuma ta so ta kai ƙarshen labarin da mutane a gefenta ko da sau ɗaya.

Ba ta kai ba. Da ranar komawar ayarin ta matso, matan suka ce kowace tana son nata ta kai gida. Littafin ba shi da bango balle suna, don haka Goggo Hure ta aika a kira Abdulwadud, ɗan ƙaninta, wanda ke karatun addini a nan Makka, don ya duba ya gane wane littafi ne ya sayo musu a shagunan bakin Harami. Ya iso ranar Talata cikin farar jallabiya da guga ya yi mata kaifi, turarensa ya riga shi shiga ɗaki. Baraka na zaune a kan matashinta.

Ya karɓi littafin da hannu biyu, cikin ladabi. Ya karanta shafi ɗaya a zuci, ya juya, ya karanta na biyu. Sai gefen bakinsa ya fara motsi. Ya ɗago ya dubi Baraka, ita ma ta dube shi, kuma duk abin da ido zai iya roƙa nata ya roƙa. Zai iya cewa zai bincika. Zai iya jan ta gefe a bakin lif ya yi mata faɗa. Amma Abdulwadud ya shekara yana haddace abubuwa babu wanda ya tambaye shi ko ɗaya, ga shi yau Allah ya ba shi ɗaki cike da iyaye mata sun zuba masa ido. Ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya.

“Goggo, a ina kuka tsaya jiya?”

Goggo Hure ta nuna masa inda aka sa tsinken ashana.

“To, kin san abin da kika ce wa amin? Ƙaguwa ce, irin ta ruwa mai ƙafafu, take cewa ba za ta mayar da jan takalmi ba sai an kawo mata cokali.” Ya juya shafi. “Nan kuma wata kaka ce take soya kifi. Nan wani kare ya ci kek. A nan, ina jin, kuka kuka yi, domin ga alamar hawaye.”

Ya ci gaba da fassarawa a nutse, yana ɗanɗana kowace kalma, yana kwaikwayon muryar ƙaguwa ta hanci. Yana cikin juyawa yatsansa ya ci karo da shafukan nan biyu da suka manne. Baraka ta miƙe.

“Ustaz, don Allah kada ka raba su.”

“Me ke ciki, matar yaya?”

“Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.”

Ya zaro katin makarantarsa ya zura a tsakani ya ja. Shafukan suka rabu da 'yar ƙara. Hoto ne, guda ɗaya da ya tsere wa almakashin kakar Maha. Babbar yarinyar ce a bakin ruwa, Baturiya fara sol mai gashi ruwan masara, sanye da ɗan kamfan wanka da bai rufe komai ba, ta rungume ƙaguwa tana dariya. Abdulwadud ya ɗaga shi sama ya zaga da shi don kowa ta gani, har da na bayan gado. Baraka ma ta gani. Tun tana wanke kofuna take zaune da wannan yarinya, ranar ce ta fara ganin fuskarta, kuma babu inda suka yi kama.

Kunya ce ta fara kama Goggo Hure, kunyar tsohuwar da ta yi kuka a gaban ƙawayenta saboda kare ya ci kek, kuma da kunyar ta rasa inda za ta sai ta koma fushi. Ta karɓi littafin, muryarta a ƙasa.

“Da wannan na zaga Ɗakin Allah?”

“Goggo, laifina ne. Ki dake ni, ki bar shi.”

“Ke wa zai ɓata hannunsa a kanki?”

Ta kama shi ta tsakiya ta ja. Bayan littafin nan da ya saba yin ƙas ya yi wata ƙara doguwa, kyarrr, ita ce maganarsa ta ƙarshe. Daga nan aka miƙa shi hannu zuwa hannu, yadda aka saba miƙa shi don neman albarka, kowace ta yagi rabonta. Mai ciwon gwiwa ta yagi biyu, ta ce dama tun safe ta ji ciwon ya dawo. Mai ɗa mai neman aiki ta zazzage shafuka ta ciro hoton ɗanta ta goge shi a zani. Abdulwadud, don kada a ce bai yi aikin ilimi ba, ya ɗaga yatsa ya gargaɗe su cewa mai fassarar ya sa sunan Allah a wurare da dama, inda yaran ke cewa insha Allah, don haka kada a bar ko ɓalli ya faɗi ƙasa a taka. Matan suka kiyaye. A tsanake suka yayyaga shi, cikin girmamawa, suna zuba gutsattsarin a ledar kantin magani. Baraka ce aka ba ta riƙe ledar.

Marigayin ya bar mai shi, Baraka, wadda ta koma gida a motar haya da leda a cinya, direban yana tambayarta ko marar lafiya gare ta. Ya bar koren ƙyalle, wanda yanzu ake goge murhu da shi. Ya bar kyankyasai da dama a saman sif, waɗanda suka rayu da gam ɗin bayansa, kuma su kaɗai ne a gidan ban da Baraka suka taɓa shiga cikinsa da son ransu. Ya bar Nadiya, wadda ta ɗago kai daga waya ta ce, “Ma'alesh, Ummi,” wato a yi haƙuri, ta tambaya ko akwai sauran shinkafa. Ya bar Abdulwasi'u, wanda ya ce, “Halas, takarda ce,” sannan ya kwana yana juyi saboda abin da za a faɗa a Gumel. Ya bar Abdulwadud, wanda ya riga ya ba da labarin a ɗakin kwanan ɗalibai har an fara roƙonsa ya sake muryar ƙaguwa. Ya bar Goggo Hure cikin ƙoshin lafiya, ta sake ɗawafi don ta wanke na baya, ta kuma samo wa Baraka sabon suna, Malama Ƙaguwa, wanda ya riga ayarin isa gida ta waya. Allah ya ba kowannensu gwargwadon abin da ya shuka.

Masu zuwa ta'aziyya sun yi ta cewa ai ta haddace shi, me aka rasa? Gaskiya ne, ta haddace. Washegari tana yanka albasa ta gwada, ta rufe ido ta fara daga farko. Ruwa ya ja da baya, matakala ta bayyana, komai yana nan inda ta bar shi. Sai dai wadda ke sauka yanzu mai gashi ruwan masara ce, da ɗan kamfanta da dariyarta, muryar ƙaguwa kuma ta Abdulwadud ce, ta hanci. Ta nemi kanta a bakin ruwan ta rasa. Ta sake gwadawa da rana, ta sake da yamma, haka dai. Nan ne ta yi kukan da ba ta yi a Jarwal ba, Nadiya ta leƙo ta ce albasar ce mai ƙarfi.

An sami saɓani a kan jana'iza. Kwandon shara bai halatta ba saboda sunan Allah da ke jikin mamacin. An kai ledar akwatin masallacin unguwa da ake zuba tsofaffin takardu masu tsarki, ladan ya leƙa ya ga rabin ƙafar Baturiya ya maido ta. Ƙonawa kuma mai gidan haya ya hana, saboda tukwanen gas da ke jere a ƙarƙashin bene. Daga ƙarshe aka koma wa Abdulwadud, wanda ya duba littattafansa ya ce a zuba shi a ruwa mai yawa mai tsarki, inda ƙafa ba za ta taka ba. Aka duba duk Makka ba a sami irin wannan ruwa ba.

Saboda haka za a yi jana'izar Ɗan Bahar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bakin teku a Jidda. Abdulwasi'u ne zai ja motar gawa, tun da dama zai kai Goggo Hure filin jirgi. Abdulwadud zai raka su don ya tabbatar an yi daidai, ya kuma ce a tsaya a ci kifi idan lokaci ya bari. Goggo Hure ta ce ita za ta juye ledar da hannunta ta ga ƙarshensa, ta kuma nemi a ɗaga gilas idan an kusa, domin ba ta son ƙarnin ruwa. Ana roƙon mahalarta su hanzarta, kada ma'aikatan tsafta su gan su.

Baraka za ta raka gawar zuwa bakin lungu, ta miƙa ledar ta tagar mota, ta dawo. Za a karɓi gaisuwa a gidanta a Mansur, hawa na biyu, ƙofar da ke kusa da tankin ruwa, kuma masu son dariya su gama ta a kan matakala kafin su ƙwanƙwasa. Abu ɗaya ta roƙi mijinta. Ta ce, “Abu Nadiya, idan kun isa ka kira ni, kada ka ce komai, ka miƙa wayar kusa da ruwan in ji ko haka yake yi.” Ya ce zai gani, idan ya sami wurin ajiye mota.